Tambayi Anti: Minti Biyar a Gaban Masu Zuba Jari

Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: mai sabon kamfani yana neman kuɗi, bai san yadda zai tunkari masu shi ba. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage wa wasu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni da abokina muna da ƙaramin kamfani a Jos. Muna sayen dankalin Turawa daga manoman Bokkos da Mangu, muna kai wa gidajen abinci da otal-otal a Abuja. Ta WhatsApp suke yin oda, amma yanzu muna gina manhaja. Wata takwas ke nan da farawa. Watan farko buhu 40 muka kai, watan jiya 310. Muna da kwastomomi 22, kuma 17 daga cikinsu duk mako suke saye. An gayyace mu wani taro a Abuja inda za a ba kowa minti biyar ya yi bayani a gaban masu zuba jari. Na shirya shafi 28 da zan haska a majigi, ga su nan na haɗo miki. Matsalata ita ce Turancina yakan ƙafe idan na ga taro. Naira miliyan 30 muke nema, miliyan 18 na manhaja, sauran na sayen kaya. Ta ina zan fara?
Ƙaninki daga Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Abin da za ka fara da shi ai ka riga ka rubuto mini shi ba ka lura ba: buhu 40 ya zama 310 cikin wata takwas, kuma mutum 17 cikin 22 suna dawowa duk mako. Na duba shafukanka. Wannan lissafin sai a shafi na 19 ya ɓullo, bayan ka gama ba mu labarin yawan al'ummar Najeriya, da muhimmancin noma, da taswirar Filato, da yadda kuka haɗu da abokinka a jami'a. Kafin ka kai can an kaɗa maka ƙararrawa. Mutanen da za su zauna a gabanka sun san Najeriya da jama'a, kuma kafin layi ya zo kanka wasu goma sun riga sun gaya musu. Abin da ba su sani ba shi ne akwai masu dafa abinci 17 a Abuja da suka daina tura yaro kasuwa saboda kai.

Ka kuma cire wa ranka cewa a cikin minti biyar wani zai ba ka miliyan 30. Ba a yi. Ɗanɗano ne, irin yankan da mai tsire yake miƙo maka a bakin wuƙa don ka tsaya. Abin da kake nema a ranar shi ne mutum ɗaya ko biyu su ce maka, "Zo ofis ranar Talata da takardunka." A can ake ciniki, kuma cinikin yakan ci watanni.

Shafi goma sun ishe ka, kowanne da magana ɗaya da manyan baƙaƙe. Ka buɗe da mutum guda: mai gidan abinci a Wuse da ke aika yaro da asuba, a kawo mata buhun da samansa manya ne, ƙasansa ƙanana da ruɓaɓɓu, farashin kuma yau daban gobe daban. Sai ka faɗi abin da kuke yi mata a jimla biyu. Sai ka nuna cinikin wata-wata daga 40 zuwa 310, har da watan da ya faɗi in akwai. Kada ka goge shi, domin za su gan shi a bayanan asusunku na banki daga baya, kuma daga ranar ba za su sake yarda da wata lamba taka ba. Daga nan sai ribar buhu ɗaya, sai ku su wane ne, sai nawa kuke nema da abin da za a yi da shi.

Bari in daɗe a kan ribar buhu ɗaya, don a nan na fi ganin yaranmu suna faɗuwa. Babu ita a ko'ina cikin shafi 28 ɗinka. Ka zauna da littafin cinikinku ka bi buhu guda tun daga kasuwar Maikatako har ƙofar kicin a Abuja. Nawa ka saye shi? Nawa ne buhun kansa da ɗinki? Nawa 'yan dako suka karɓa a lodi da sauke? La'adar dillali, kuɗin kasuwa, kuɗin mota, da abin da direba yake rabawa a shingayen hanya tsakanin Akwanga da Keffi, duk ka rubuta. Sai ka cire wanda ya ruɓe ko ya dagargaje, wanda kwastoma ya ƙi karɓa. Abin da ya rage shi ne kasuwancinka. A ce, misali, naira 2,500 ke ragewa a kowane buhu. 310 sun ba ka 775,000 a wata, kafin ku biya kanku albashi. Ko kaɗan ce ka faɗe ta yadda take. Mai zuba jari ya fi son ƙaramar lambar da aka san tushenta a kan babbar da aka ƙiyasta da daddare.

Akwai wata tambayar da nake yi wa duk mai harkar kayan gona da ya zo atisaye wurina, kuma yawanci nan ɗakin yake yin tsit: kwana nawa ne tsakanin ranar da ka biya manomi da ranar da otal ya biya ka? Manomi kuɗi hannu yake so, otal kuwa yana iya riƙe ka har ƙarshen wata. Duk lokacin da ciniki ya ƙaru, wannan ramin ma ƙaruwa yake yi, har ka ga kamfani yana cin riba a takarda amma babu na lodin gobe. Ina zargin wannan ce ainihin buƙatarku, ba manhaja ba. In ka tsaya ka ce za ka zuba miliyan 18 a manhaja alhali WhatsApp ya kawo ka buhu 310 kyauta, za a tambaye ka wane kwastoma ne ya taɓa barinku saboda babu ita. Kana da amsa? In babu, ka rage kason manhajar ƙwarai, ka mai da kuɗin kan sayen kaya, da wurin tantancewa da ajiya, da mutum ɗaya mai neman sababbin kwastomomi. Ka kuma faɗi inda kuɗin zai kai ku: wata nawa, buhu nawa a wata, kwastoma nawa. Ka lura da wani abu: ThriveAgric, kamfanin noma da ke nan Abuja, wanda ya shiga Y Combinator, shirin Amurka mai horar da sababbin kamfanoni da zuba musu jari, a 2019, ya tara dala miliyan 56.4 a 2022, kuma galibinsa rance ne, ba sayar da hannun jari ba. Kuɗin da ke juyawa, a sayi kaya a sayar a dawo da shi, ba lallai sai ka yanka wa wani kamfaninka kafin ka same shi ba.

Bayan minti biyar za a yi tambayoyi, kuma na san irinsu. Me kuke yi idan farashi ya faɗi warwas lokacin girbin damina, ya kuma tashi bayan wata uku? Idan cutar da ke ƙone ganyen dankali da damina ta cinye gonakin da kuke saye fa? Idan mota ta faɗi a Hawan Kibo, asarar ta wa ce? Za su tambaye ka rikicin da ya addabi Mangu da Bokkos a 2023, kuma kada ka ɓata rai, haƙƙinsu ne. Ka gaya musu wuri nawa kuke saye, da abin da za ku yi in hanya ɗaya ta toshe. Na ga a shafi na 22 ka rubuta ba ku da abokin gasa. Goge shi yau. Dillalin da ke kasuwar Mararraba, wanda ya fi shekara ashirin yana ba wa waɗannan otal-otal kaya bashi, shi ne abokin gasarka, kuma ya fi ka jari. Ka faɗi abin da ka fi shi. In mai tambayar da dala yake zuba kuɗi, zai kawo maganar naira: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, wato kamfanin da cinikinsa ya ninka sau uku a naira yana nan inda yake a idon mai dala. Ba kai ka jawo ba, amma ka nuna ka san da maganar. Wadda ba ka san amsarta ba kuwa, ka ce ba ka da lambar a nan, za ka aiko gobe, kuma ka aika.

Sai Turanci. Ni a wurina ba da shi ake farawa ba. Ka yi bayanin da Hausa tukuna, a gaban mahaifiyarka ko mai shagon unguwarku, mutumin da bai san komai a kan manhaja ba. In ya iya maimaita maka abin da kuke yi da yadda kuke samun kuɗi, maganar ta nuna. Sannan ka mai da ita Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli, irin wanda kake yi da kwastomanka a waya. Kada ka haddace kalmomin da ba naka ba, su ne suke gudu su bar mutum a tsaye. Ka kunna agogon waya, ka ɗauki kanka a bidiyo, ka kalla ko da kunya za ta kashe ka, ka sake, har ya zama kana gamawa a minti huɗu da rabi. Akwai nHub, cibiyar masu harkar fasahar zamani, a Jos ɗinku tun 2015. Ka nemi matasan da ke harkar fasaha a irin waɗannan wurare su zauna su yi maka tambayoyin ƙure. A ranar taron, tsakanin kai da abokinka mutum ɗaya ya yi magana, ɗayan ya jira tambayoyi.

Abu biyu na tarbiyyarmu sukan cuce mu a irin wannan ɗaki. Ɗaya doguwar gaisuwa: na taɓa ganin yaro ya cinye minti ɗaya da rabi yana gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Jimla guda ta wadatar. Na biyu kunyar faɗin kuɗi da tsoron baki. Ka ce masha Allah a zuciyarka, ka ɗaga kai ka faɗi lambar. Rigarka ta Juma'a ta isa, ba sai ka ari kwat ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ina da wata dabara ta kasuwanci da ban taɓa ganin wani ya yi ba a Najeriya. Tsorona kada in faɗa a gaban masu kuɗi su sace. Zan iya sa su sa hannu a takardar riƙe sirri kafin in yi magana?
Ɗalibi daga Gwagwalada.

AMSA: Ɗana, ba za su sa ba. Masu wannan sana'a suna sauraron ɗaruruwan mutane a shekara, da yawa kuma dabararsu iri ɗaya ce. Wanda ya sa hannu wa kowa zai ƙare a kotu. Kai ma neman takardar a zaman farko nuna musu kake yi cewa dabarar kaɗai gare ka. Ka gaya musu abin da kake yi da wanda kake yi wa, ka riƙe yadda kake yi: sunayen masu ba ka kaya, farashin da kuka shirya, sirrin haɗi ko rubutun manhaja. Waɗannan sai an kai matakin binciken ƙwaƙƙwafi, kuma a nan takardar sirri tana da muhalli. Amma wasiƙarka ba ta ce ka sayar wa kowa komai ba tukuna. Ka nemi mutum goma su biya ka, ko da dubu ɗai-ɗai ne, sannan ka sake rubuto mini.

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya. Ni da ƙawata mun haɗa manhajar da makarantun kuɗi da Islamiyyu ke karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamako da ita. Makarantu 14 a Kubwa da Dutse da Bwari suna biyanmu duk zango. Wani Alhaji, aminin maigidana, ya ce zai zuba naira miliyan 20 ya ɗauki kashi 40 cikin ɗari. Ya ce kuma a riƙa ba shi 400,000 duk wata, bayan shekara biyu a mayar masa da uwar kuɗinsa, kasonsa yana nan. Rajistar sunan kasuwanci kawai muke da ita. Ina jin nauyinsa, kuma ban sani ba ko hakan ya halatta.
'Yar'uwarki daga Gwarinpa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Makarantu 14 masu biya ba ƙaramin aiki ba ne, sannunku. Amma kada ki sa hannu a kan wannan yadda yake.

Alhaji ya haɗa abu biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Mai ba da rance ana mayar masa da kuɗinsa, ba shi da kaso a kamfani. Mai sayen hannun jari yana da kaso, amma babu wanda ya lamunce masa uwar kuɗi. In an ci riba da shi, in an faɗi da shi. Shi yana son lamunin na farko da rabon na biyu. Ki yi lissafi: 400,000 sau wata 24 ya kama miliyan 9.6, ga miliyan 20 ta koma gida, ga kashi 40 har abada. Ta fuskar addini kuwa, abin da muka karanta a babin ƙiradi (ba wa wani jari ya juya a raba riba) da na tarayya shi ne riba kaso ake yanka ta, rabi ko sulusi ko abin da aka shirya, ba a ƙayyade ta da adadin kuɗi, kuma ba a ɗora wa mai juya dukiya lamunin jari in ba sakaci ko ha'inci ya yi ba. Ki kai takardar wurin malamin da ya san mu'amalar kuɗi ya duba muku kafin komai. Ina kyautata zaton Alhaji bai yi da mugun nufi ba. Yawancin 'yan kasuwarmu da haka suka saba ba da kuɗi, ba su taɓa sayen kaso a kamfani irin naku ba.

Ko an cire waɗancan sharuɗɗan, kashi 40 ya yi yawa a zagayen farko na neman jari. Miliyan 20 a kan kashi 40 na nufin ya yi wa kamfanin kuɗi miliyan 50 bayan shigar nasa, wato duk abin da kuka gina miliyan 30 ne. Ku biyu kun koma 60. In Allah ya ɗaukaka abin kuka sake neman jari sau biyu, kowane karo aka ɗauki kashi 20, za ku sauko 48, sannan 38.4, a raba biyu. Da 15 kuka ba shi, bayan zagaye biyun kuna da 54.4. Masu zuba jari na gaba suna duba wannan, kuma sukan ja da baya in suka ga masu aikin sun zama 'yan tsiraru tun da wuri, don sun san wanda kasonsa ya ƙanƙance ba ya kwana a ofis. A wannan mataki galibi tsakanin kashi 10 da 20 ake bayarwa. Y Combinator ma, da duk sunansa, kashi 7 yake ɗauka a kan dala 125,000 na farko.

Ki koma masa da zaɓi, kada ki koma da "a'a" tsura. Ko ya ba da miliyan 10 a kan ƙaramin kaso yanzu, sauran in kun kai makarantu 30 a sabon farashi. Ko ku yi amfani da yarjejeniyar SAFE, wadda Y Combinator ya fito da ita a 2013: a karɓi kuɗi yau, babu kuɗin ruwa, a jinkirta yanka kaso sai ranar da babban mai jari ya zo ya yi wa kamfanin ƙima. Ki je da lissafin a rubuce, ki tafi da ƙawarki da lauya, kada ki bar maigida ya zama ɗan aike tsakaninku, don kada ciniki ya ɓata zumunci.

Kafin duk wannan, sunan kasuwanci ba shi da hannun jarin da za a sayar. Sai kun yi rajistar cikakken kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kun rubuta kason kowacce. Wannan rajistar kuma tana cikin sharuɗɗan samun shaidar kamfani mai tasowa a ƙarƙashin dokar da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022, wadda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, ke kula da ita, muddin kamfanin bai wuce shekara goma ba. Ke da ƙawarki ma ku rubuta cewa kason kowacce a hankali zai zama nata, cikin shekara huɗu kamar yadda aka saba, saboda in aure ko canjin aiki ya ɗauke ɗaya a shekarar farko kada ta tafi da rabin kamfani. Ku kuma tabbatar manhajar da sunan kamfani take, ba da sunan yaron da ya rubuta muku ita ba.

TAMBAYA: Hajiya, ina da gidan burodi a Nyanya, shekara tara, ma'aikata 11. Ina so in ƙara tanda da injin kwaɓi. Wani ya ce in ba shi 50,000 kuɗin fom zai haɗa ni da Turawa masu zuba jari.
Wani dattijo.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara girma. Ka riƙe dubu hamsin ɗinka. Mai zuba jarin gaske ba ya sayar da fom.

Kuma in gaya maka gaskiya, irin waɗancan masu jarin ba naka ba ne, ba don sana'arka ta gaza ba. Su sun san yawancin kamfanonin da suka zuba wa kuɗi mutuwa za su yi, don haka suke farautar wanda zai ninka sau goma ko ɗari ya biya asarar sauran, kamar Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da aka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Gidan burodi riba yake kawowa kullum, ba a gina shi don a sayar ba, kuma ba ka buƙatar baƙo a cikin mallakarsa saboda tanda ɗaya. Abin da ya dace da kai kuɗin sayen inji ne. Ka tuntuɓi Bankin Masana'antu, ko bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ, ka tambaye su tsarin murabaha, inda banki zai sayi injin ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Gidauniyar Tony Elumelu kuma tana ba da tallafin dala 5,000 ga ƙananan 'yan kasuwa, ana buɗe nema a ranar 1 ga Janairu kuma kyauta ne, sai dai sababbin kasuwanci take nema, don haka wannan ka gaya wa yaranka masu shirin buɗe nasu.

Kafin ka je banki, ka sa duk cinikin yini ya riƙa shiga asusun kasuwancin, ba aljihu ba, na aƙalla wata shida. Ka haɗa takardar rajista, da littafin da ke nuna buhun fulawa nawa kuke kwaɓawa a rana, da farashin injin a rubuce daga dillalai biyu.